Masu Murɗa Bututu

Da hantsin ranar 10 ga Janairu, 1901, Curt Hamill yana tsaye a kan wani siririn katako a jikin hasumiya, kimanin ƙafa 40 daga ƙasa. Hasumiyar ta katako ce, su da kansu suka kafa ta a kan wani ɗan tudu da ake kira Spindletop, kudu da garin Beaumont a jihar Texas ta Amurka. A ƙasa akwai ɗan'uwansa Al, riƙe da birkin inji, da abokin aikinsu Peck Byrd. Sun sa sabon bakin haƙa, suna mayar da bututu cikin rami ɗaya bayan ɗaya: na sama ya saita kan bututun, na ƙasa su murɗa shi a jikin wanda ya riga shi, a sassauta igiya ya nutse, a ɗauko na gaba. An zura kusan ƙafa 700 sai taɓo ya soma tafasowa daga bakin ramin. Kafin su ankara ya yi tsiri ya wanke Curt a inda yake, ya rufe masa ido. Da ƙyar ya lalubo tsani ya sauko, su ukun suka ranta a na kare. Suna waiwayowa suka ga bututun ƙarfe mai nauyin tan shida yana fitowa daga ƙasa kamar an harba kibiya, ya fasa kan hasumiyar, ya kakkarye a sama, ya zubo.

Wuri ya yi tsit. Suka dawo a hankali, suka ɗauki shebur suna kwashe taɓon da ya rufe dandamalin aiki, ransu a ɓace, don a ganinsu wahalar wata biyu da rabi ta tafi a banza. Suna cikin haka sai ƙasa ta yi ƙara kamar igwa. Taɓo ya fito, iskar gas ta biyo, sannan ɗanyen mai, kore mai duhu, ya miƙe sama fiye da ƙafa 100, ya ƙi lafawa har kwana tara.

Duk littafin da ya ba da labarin man fetur yana ɗauke da wannan rana, kuma sunan da aka sa wa rijiyar shi ne na Anthony Lucas, injiniyan da ke riƙe da hayar filin. Lokacin da abin ya faru ba ya wurin, sai da aka aika masa. Ba na rage masa komai, domin shi ya dage cewa akwai mai a ƙarƙashin tudun a lokacin da masana ke cewa babu. Amma haka al'adar rijiya take a ko'ina. Ko a wajenmu, wanda ya biya kuɗi shi ake ambata, ko bishiyar da ke gefe, ko unguwa. Mutumin da ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka da dagi, yana turo ƙasa sama a guga, da zarar an ga ruwa sai a sallame shi, ba a sake jin sunansa. Sawun irin wannan mutumin nake son bi.

Haƙar mai ta samo asali ne daga haƙar ruwa da gishiri. A yankin Zigong na lardin Sichuan a ƙasar Sin, an yi ɗaruruwan shekaru ana huda ƙasa don ruwan gishiri da dabarar da duk wadda ta taɓa riƙe taɓarya ta sani: a ɗaga abu mai nauyi, a sake shi ya faɗa wuri guda, a sake ɗagawa. Ƙarfen yana rataye da igiyar gora, maza suna taka wani dogon katako suna sauka, kowane taku ɗagawa ɗaya. A 1835 suka kammala wata rijiya da zurfinta ya zarce mita 1,000, da ƙarfin ƙafafun mutane.

Da wannan dabara ta daka aka samu mai a Titusville, jihar Pennsylvania, ranar 27 ga Agusta, 1859, a zurfin ƙafa 69 da rabi. Rijiyar Drake ake ce mata, da sunan Edwin Drake, tsohon kwandastan jirgin ƙasa da kamfani ya turo. Wanda ya haƙa ta William Smith ne, maƙeri da ya saba aikin rijiyoyin gishiri. Shi ya ƙera kayan haƙar da hannunsa, ya zo da 'ya'yansa maza suna taya shi. Injin tururi ke ɗaga ƙarfen, amma abin da suke ci a yini bai wuce ƙafa uku ba.

Daga nan aka samu sana'ar mutum biyu. Akwai mahaƙi, wanda ke tsaye hannunsa a kan igiya, yana karanta abin da ke faruwa can ƙasa daga yadda igiyar ke rawa: ko ƙarfen na cin dutse, ko ya dakushe, ko ya karkace. Akwai kuma mai gyaran baki, wanda aikinsa ƙira ce tsantsa. Idan bakin ya dakushe sai a jawo shi, a cusa shi a wuta har ya yi jawur, su biyu su ɗauki manyan gudumomi su yi ta dukansa har ya dawo da faɗinsa da kaifinsa, ƙarfen da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa. Shi ne kuma mai iza wutar tukunyar tururi, shi ke hawa ƙololuwar hasumiya ya shafa wa gargaren igiya mai. Awa 12 suke yi, daga tsakar rana zuwa tsakar dare, wasu biyu su karɓa har rana ta sake take tsaka. Wannan awa 12 har yau ita ce ma'aunin yini a bakin rijiyar mai.

Daka tana aiki ne inda ƙasa ke da tauri, yadda bangon rami zai tsaya da kansa. A ƙarƙashin tudun Spindletop kuwa akwai yashi mai ruwa na ɗaruruwan ƙafa, wanda ko yaya aka huda shi sai ya zubo ya cike gurbin. Duk mai haƙar rijiya a fadama ya san wannan ciwon kai. Pattillo Higgins, ɗan garin Beaumont mai hannu ɗaya, ya lura da iskar gas da ke fita daga tudun, ya kafa kamfani a 1892. Sau uku ana haƙa masa, yashi na cinye ramin. Lucas ya zo ya gwada tasa sa'ar, ya kai ƙafa 575, bututu ya lotse, kuɗi suka ƙare. Da ya samo masu zuba jari daga Pittsburgh, wato Guffey da Galey, sai aka ɗauko 'yan gidan Hamill daga Corsicana, inda suka ƙware a sabuwar dabara ta murɗawa. Aka yi jinga a kan dala biyu kowace ƙafa.

Wanda ya taɓa tsayawa kallon masu haƙar burtsatse a unguwa ya ga ƙaramin samfurin wannan dabara. Ana ɗaura bakin haƙa a ƙasan bututu, a riƙa juya bututun daga sama kamar maburgi, famfo na tura ruwa ta cikinsa. Ruwan ya fita ta bakin, ya dawo sama ta gefen bututun ɗauke da abin da aka niƙe, ya zuba a wani kududdufi da aka tona a gefe, a sake zuƙo shi. In rami ya ƙara zurfi sai a ƙara bututu. A faɗe abin ba wuya.

Sun fara ranar 27 ga Oktoba, 1900. Komai da hannunsu suka yi: sauke bututu daga taragon jirgi, kafa hasumiya, tona kududdufi, kawo itacen da tukunyar tururi ke ci dare da rana. Ba su yi nisa ba suka faɗa cikin yashin da ya kori na gabansu. Makonni suka yi suna cusa babban bututun kariya da ƙarfin tsiya, a ɗaga gungumen katako da igiya a sake shi a kansa, a wanke yashin da ya shigo, a sake dukawa. Waɗansu daga cikin leburorin suka ajiye aikin suka tafi, aka bar mutum uku.

A nan ne suka gano abin da ya sauya sana'ar baki ɗaya. Sun lura cewa idan ruwan da suke turawa ya yi kauri da laka, yashin ba ya zubowa sosai, domin lakar na shafe bangon ramin kamar yaɓe. Sai suka nemi shanun wani maƙwabcinsu, aka kora su cikin kududdufin suka yi ta tattakawa har ruwan ya koma kwaɓi, kamar dai yadda magina ke kwaɓa ƙasar gini da ƙafa. Da wannan taɓo suka ratsa yashin. Yau akwai injiniyoyin da ba su da wani aiki sai haɗa taɓon haƙa da auna nauyinsa, amma ana cewa mafarin abin ke nan: mutum uku da suka gaji, da kofaton shanu.

Taɓon ya zo da nasa sharaɗi. Idan famfo ya tsaya da dare, abin da ke yawo a cikin ramin sai ya kwanta ya riƙe bututu, iskar gas kuma ta samu hanya. Dole famfo ya kwana yana aiki, dole wani ya kwana yana iza wuta. Su uku ne kawai, don haka suka raba yadda mutum zai yi awa 18 a tsaye kafin ya sa haƙarƙarinsa a ƙasa. A watan Disamba suka ga alamar mai a wajen ƙafa 880, aka ce su ci gaba. Suka ɗan huta don Kirsimeti, suka dawo da shigowar sabuwar shekara, kwana goma bayan haka ƙasa ta buɗe.

An ƙiyasta abin da rijiyar ke fitarwa da ganga 100,000 a kowace rana. Mutane suka yi ta tururuwa zuwa kallo, aka ɗauki masu dawakai da garma suna tada ganuwar ƙasa don tare man da ya zama tafki. Toshe rijiyar kuma su ukun nan aka sake bar wa. Suka shiga ƙarƙashin man da ke zubowa kamar ruwan sama, wani lokaci haɗe da duwatsu, cikin iskar da ke toshe numfashi, a wurin da tartsatsi ɗaya ya isa ya gama da kowa. Suka gyara bakin bututun da ya lalace, suka haɗa bawul-bawul a kan wani sirdi na katako da ƙarfe, suka tura shi a kan bakin rijiyar, suka ɗaure, suka rufe a kwana na tara. Tafkin man nan bayan 'yan makonni ya kama da wuta. Curt Hamill ya yi tsawon rai, kuma a 1957 ya fitar da wani ɗan littafi wanda ma'anar sunansa ita ce, mu muka haƙa Spindletop. Ina ganin sunan kaɗai ya nuna abin da ke cin ransa.

Cikin 'yan watanni Beaumont ta tashi daga mutum kusan 10,000 zuwa 50,000. Kafin ƙarshen 1902 rijiyoyin da ke kan tudun sun haura 280, hasumiyoyi a cunkushe har mutum kan taka daga wannan dandamali zuwa wancan ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Mai ya yi yawa har ganga ta faɗo zuwa santi uku, ƙasa da kuɗin kofin ruwan sha mai kyau a garin. Kamfanonin Gulf da Texaco a nan suka samo tushe.

Masu aikin yawancinsu 'ya'yan manoman auduga ne da suka gudo daga talauci, shi ya sa ake kiran sabon shiga da sunan ƙwaron auduga. Wanda ya goge kuma ana ce masa rafnek, wato mai kaushin wuya. Dala biyu zuwa uku a yini kuɗi ne masu yawa ga ɗan ƙauye, amma awa 12 ce, kwana bakwai a mako. Gado ma haya ake yi na rabin yini, mai aikin dare ya tashi mai aikin rana ya kwanta. Babu hular kwano, babu takalmin ƙarfe. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai takan kumbura wa mutum ido ya yi kwanaki ba ya gani, in ta yi yawa ta kayar da shi nan take. Gobara ta sha lashe sassan tudun. Baƙaƙen fata da 'yan asalin Meziko kuwa ko wannan wahalar ba a cika ba su ba: nasu shi ne tonon ramukan ajiyar mai, da dako, da korar alfadarai cikin taɓo, a kan kuɗi ƙasa da na farare.

A waɗannan shekaru aka tsara ƙungiyar aiki da har yau ba ta sauya sosai ba. Mahaƙi na riƙe da birki, shi ne shugaban dandamali. Mutum ɗaya a sama cikin hasumiya, biyu ko uku a ƙasa, wani na kula da injuna, sannan babban heluma da ke kwana a wurin yana amsa wa kamfani. Aikin da ya fi cin jikinsu kuwa shi ne fitar da bututu da mayar da shi, kuma ya kamata a tsaya a dube shi da kyau, domin shi ne zuciyar sana'ar.

Kowane bututu tsawonsa kimanin ƙafa 30 ne, nauyinsa ya kusa na buhun hatsi uku. Masu kaurin da ake sawa can ƙasa don danna bakin haƙa sukan kai tan biyu kowanne. Bakin haƙa kuwa yana cinyewa, kuma ba yadda za a sauya shi sai an zaro duk abin da ke cikin ramin. Mahaƙi zai ja bututu uku a haɗe, ƙafa 90, har su tsaya cikin hasumiya. Na ƙasa su ɗauki wani ƙarfe mai haƙora, wanda sai mutum biyu ke ɗagawa, su jefa shi a bakin ramin ya cije sauran bututun don kada ya sulale. Sai su jawo manyan awartaki biyu da ke rataye, kowanne ya fi hannun mutum tsawo, ɗaya ya kama bututun sama, ɗaya na ƙasa. Inji ya ja, mahaɗin ya saki da ƙara. In akwai taɓo a ciki sai ya zubo musu a ka da ƙafa, dandamali ya koma santsi. Su rungumi gindin bututun su tura shi gefe su dasa. A daidai wannan lokaci na sama, wanda ke kan ɗan katakonsa a tsayin bene mai hawa takwas ko tara, ɗaure da ɗamara a ƙugu, zai leƙo da rabin jikinsa a sarari, ya zarga igiya a kan bututun, ya buɗe abin da ke riƙe da shi, ya jawo shi da ƙarfin kafaɗa ya jera a ma'ajinsa. Ƙugiya ta sauko fayau, a sake daga farko. A rijiya mai zurfin ƙafa 10,000 sai an yi haka fiye da sau 100, a sauya baki, sannan a sake yin sau 100 ɗin wajen mayarwa.

Wajen mayarwar ne ake jifan sarƙa. Ana naɗe sarƙa a bututun ƙasa, a dasa na sama a bakinsa, mutum ya karkaɗa wuyan hannu ya wurga naɗin ya hau na sama, inji ya ja, bututun ya juya ya shige. Gwani yana yin wannan cikin ƙiftawar ido, abin sha'awa ga mai kallo. Amma sarƙar nan ta ci yatsun da ba su ƙirguwa, har ya zama a garuruwan mai ana gane tsohon ma'aikaci daga hannunsa. Awartakin ma in igiyar da ke tare shi ta tsinke, yakan juyo ya share duk wanda ke gabansa.

Ba a tsayawa don ruwan sama, ko ƙanƙara, ko zafin rana. Bututun da ya daɗe a tsaye cikin rami yakan maƙale, kuma injin haƙa hayarsa ta yini ce, kowace awa da lissafinta. Tsakanin fitarwa da fitarwa akwai dakon buhunan garin da ake ƙara wa taɓo nauyi, a yanka a zuba ɗaya bayan ɗaya, akwai kwance famfo, akwai wanki da fenti. Nauyin taɓon nan shi ke danne abin da ke ƙasa kada ya taso, kuma alamar farko ta cewa rijiya za ta yi bore ita ce taɓo ya ƙaru a tanki ba tare da an ƙara ba. Wato ran kowa yana rataye da idon mutumin da wataƙila awarsa ta goma sha ɗaya ke nan a tsaye. Shi ya sa ban yarda da masu kiran wannan aiki aikin ƙarfi kawai ba. Mutum biyar ne ke motsi kamar jiki ɗaya a cikin ƙarar da ba a jin magana, kowa ya san inda hannun ɗan'uwansa zai kasance kafin ya kai shi. Koyonsa irin koyon ƙira ne: yaro ya fara da shara da dako, ya hau dandamali, ya hau hasumiya, in yana da rabo wata rana a ba shi birki.

Na'urori sun zo a hankali. A 1909 Howard Hughes babba ya yi rajistar bakin haƙa mai gargare biyu masu haƙora, wanda ke niƙa dutse maimakon kankara. A 1922 James Abercrombie da Harry Cameron suka ƙera na'urar da ke rufe bakin rijiya in ta yi bore, abin da ya sa tsirin mai irin na Spindletop ya daina zama abin murna. Daga baya aka samu injin da ke murɗa bututu da kansa, da wanda ke juya shi daga sama, manyan kamfanoni kuma suka hana jifan sarƙa. Duk da haka, hukumar kula da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga ma'aikatan haƙar mai da gas 1,189 da suka mutu a bakin aiki a ƙasar tsakanin 2003 da 2013. Kaso mafi girma a cikinsu haɗarin abin hawa ne ya ci su, domin rijiya tana daji, hanya da nisa, mutum kuma yakan kama sitiyari bayan ya kwana a tsaye.

Da aka shiga teku sai wahalar ta ƙaru da rashin wurin gudu. A 1947 kamfanin Kerr-McGee ya haƙa rijiya a Tekun Meziko a inda ba a hangen gaɓa, daga nan aka yi ta nitsawa. Ranar 27 ga Maris, 1980, ƙafa ɗaya ta dandamalin Alexander Kielland, inda ma'aikata ke kwana a tekun Norwe, ta ɓalle cikin guguwa, ya kife, mutum 123 cikin 212 suka rasu. A Fabrairun 1982 dandamalin Ocean Ranger ya nutse a gabashin Kanada da mutum 84, ba wanda ya tsira. Ranar 20 ga Afrilu, 2010, dandamalin Deepwater Horizon ya fashe a Tekun Meziko. Duniya ta fi tuna malalar man da ta biyo baya, amma mutum 11 ne suka mutu a daren, yawancinsu 'yan dandamali da masu kula da taɓo da famfo, waɗanda suka fi kowa kusa da bakin rijiyar. A Janairun 2012 ma injin KS Endeavor ya kama da wuta a tekun Bayelsa, mutum biyu suka rasa rayukansu, wutar ta yi makonni tana ci.

Wannan sana'a ta iso Najeriya tun da wuri. A 1908 kamfanin Nigerian Bitumen Corporation ya soma haƙa a gaɓar yammacin ƙasar, ya ga alamun mai, amma ya durƙushe a daidai lokacin yaƙin duniya na farko. A ƙarshen shekarun 1930 Shell D'Arcy ta karɓa, ta kafa sansani a Owerri, yaƙi na biyu ya katse aikin, aka dawo a 1947. Rijiya mai zurfi ta farko, wadda aka haƙa a 1951 kusa da Owerri, ba ta ba da komai ba. A watan Agustan 1955 aka kafa inji a ƙasar Ogbia, cikin jihar Bayelsa ta yau, a Janairun 1956 aka samu mai. Ita ce rijiyar Oloibiri ta ɗaya, kuma a Fabrairun 1958 aka fara fitar da ɗanyen man Najeriya zuwa waje, ana haƙo ganga 5,100 a rana.

A tuna irin ƙasar da ake magana: fadama ce da rafuka, da dajin da saiwoyinsa ke tsaye cikin ruwa, ga sauro, ga ruwan sama na watanni. Kafin inji ya juya sai an sare daji da adda, an cike wuri, an shigo da kowane ƙarfe da kowane buhu ta ruwa, an sauke. Birki da ofis suna hannun Turawa, sara da dako da tsayuwa cikin taɓo suna hannun 'yan ƙasa. Da sannu abin ya sauya. An buɗe makarantar horar da ma'aikatan mai a Effurun kusa da Warri a farkon shekarun 1970, ƙungiyar NUPENG ta ƙananan ma'aikata ta kafu a 1977, yau kuma 'yan Najeriya na riƙe da birki a tudu da teku. Kukan da ƙungiyoyin suka daɗe suna yi shi ne na aikin kwangila: mutum yana murɗa bututu a rijiyar babban kamfani, amma a takarda yaron wani ɗan kwangila ne, in rijiya ta ƙare ya koma gida ba fansho. Irin abin da Bahaushe ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu hasumiyar ta matso kusa da mu. A Agadem, cikin hamadar gabashin Nijar, kamfanin CNPC na Sin ya haƙa rijiyoyin da tun 2011 ke ciyar da matatar SORAZ ta kusa da Damagaram, cikin zafi da guguwar rairayi. A Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, an fara haƙa rijiya ta biyu a Fabrairun 2019, a Oktoba aka ba da sanarwar samun mai, a Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin. Maganar da aka fi yi a lokacin ta yawan ganga ce da rabon arziki. Samarinmu da za su nemi abinci a irin waɗannan wurare, dandamalin da za su hau shi ne wanda na bayyana, da awoyinsa 12, da taɓonsa.

An daina ɗebo mai a filin Oloibiri a 1978. Abin da ya rage a bakin rijiya ta ɗaya, a ƙauyen Otuabagi, shi ne kan rijiyar na ƙarfe da wani allo mai ɗauke da sunanta, da shekarar 1956, da zurfinta: ƙafa 12,008. In aka raba wannan da ƙafa 30 za a samu bututu 400. Kowane ɗaya daga cikinsu sai da wasu mutane suka mirgino shi, suka ɗaga shi, suka shafa wa bakinsa mai, suka murɗa shi da awartaki, kuma duk lokacin da bakin haƙa ya cinye sai sun zaro duk wanda ke cikin ramin sun sake mayarwa, daga Agusta har Janairu.